Nama Babu Kai a Hanyar Vom

Ni direban a-kori-kura ne. Nama nake ɗauka daga Abbatuwa, babbar mayankar Jos, in raba wa mahauta a kasuwannin cikin gari, tun ina da gashi a ka har ya zube. Makaranta a aji biyu na sakandare na tsaya, lokacin da mahaifina ya kwanta ciwo, kuma ba zan yi ƙarya in ce malamai sun yi kewata ba. Na iya karanta allon hanya, na iya karanta takardun motata, na iya rubuta wannan da nake rubutawa. Mai son Hausar 'yan jami'a ya nemi wani.

Abin da na fi tsana a sana'ata ba ƙarnin jini ba ne, ba kuma sanyin asubar Jos da ke sa yatsu su ƙi kama sitiyari ba. Shinge ne. Duk wanda ya yi tuƙi a garin nan tun da aka fara rikice-rikice ya san shi: buhunan yashi, tsohon durom, katako mai ƙusoshi, da mutum mai bindiga yana ɗaga maka hannu kamar ubansa ne ya shimfiɗa kwaltar. Ka tsaya, ka washe baki, ka ce oga, ka miƙa na goro. Takardunka sun cika ko ba su cika ba, duk ɗaya ne. Na yi shekaru ina washe bakin nan har na ji ina ƙyamar haƙorana.

Wata rana ina jiran lodi, rediyon mota a kunne, sai na ji wani lauya yana amsa tambayoyin masu bugo waya. Ya ce ɗan sanda yana da ikon ya tsayar da mota ya duba lasin da takardu, wannan babu gardama. Amma kafin ya bincike kayanka ko jikinka, sai yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi, wani abu da ya gani da idonsa ko labarin da ya samu, cewa kana ɗauke da kayan sata, ko makami, ko wani abin da doka ta hana. Ya ce kamannin mutum ko shigarsa, ko a ce ai irinsu haka suke, ba dalili ba ne. Har ya ce ko kwale-kwale ne a kan ruwa haka abin yake. Nan na yi dariya ni kaɗai. Mu a Jos ina muka ga kwale-kwale, ban da kududdufan da Turawan kuza suka haƙa suka tafi suka bar mana.

Amma maganar ta shige ni. Daga ranar, duk shingen da aka ce in ɗaga tamfol, sai in ce, "Oga, ga takarduna. Tamfol kuma, mene ne dalilinka?" Wasu su yi dariya su kore ni. Wasu su ajiye ni a gefen titi har ƙuda ya fara taruwa a kan naman mutane. Maƙwabcina a unguwar Kwango-Rasha, wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota, shi ya laƙaba mini Barista. Da safe in zan fita sai ya leƙo daga shagonsa ya ce, "Barista, yau wane kotu?" Matata kuwa ba ta ga abin dariya ba. Takan ce, "Maigida, su fa bindiga gare su, kai rediyo gare ka."

Ranar da zan ba da labarinta cikin damina ce, an kwana ana ruwa. Na gama lodin safe ke nan ina wanke bayan mota, sai ga wani tsohon mahauci da muke kira Baba yana sauri, da buhunsa a kafaɗa. Baba ya girmi duk wanda ke riƙe da wuƙa a Abbatuwa a lokacin. Ɗan siriri ne, ba ya son surutu, kuma shi ake nema in dabba ta faɗi a wajen gari. Ya ce, "Direba, tayar da mota. Wata saniya ta zame cikin rami a wajen Vom, ƙugu ya karye. Dillali ya bugo yanzu. In muka yi wasa sai mu tarar da mushe."

Wanda ba mahauci ba bai san irin wannan gudun ba. Dabbar da ta faɗi, in an yanka ta da ranta nama ce, a sayar, mai ita ya rage asara. In ta rigaya ta mutu, sai rami. Saboda haka ba a tsayawa shan shayi. A buhun Baba akwai wuƙar yanka, da wuƙaƙen fiɗa, da gatarin sara ƙashi, da igiya. Ya cusa shi ƙarƙashin kujera muka kama hanya.

Bayan mun wuce Bukuru, inda gidaje suka fara tsinkewa sai duwatsu da gonakin dankali, akwai wani shinge a daidai 'yar kasuwar bakin titi. Ban cika bin hanyar ba, ban san 'yan sandan wurin ba. Wani saje mai ƙaton ciki, da rigar sanyi a kan kakinsa, ya ɗaga hannu. Ya duba takardu ya miƙo mini, sannan idonsa ya sauka a kan bakin buhun da ya leƙo ta ƙarƙashin ƙafar Baba.

"Wetin de insaid? Buɗe mu gani."

Na ce, "Oga, takardu ka tambaya, na ba ka. Buhu kuma mene ne dalilinka?"

Ya dube ni kamar ya ga akuya tana magana. "Dalili?"

"Doka ta ce sai da dalilin zargi. Muna sauri."

Baba ya taɓa gwiwata, na ture hannunsa. Motoci sun fara taruwa a bayanmu suna hon. Saje ya yi wani ɗan murmushi, ya ja katakon ƙusa da ƙafarsa, ya ce, "Wuce, loya. Ai hanyar ɗaya ce. Ta nan za ka dawo."

Akwai masu cewa da na buɗe buhun nan da safe, na ce masa ga inda za mu ga abin da za mu yi, da abin da ya faru bai faru ba. Su zo su yi irin shekarun da na yi ina tsayawa a shinge, sannan su koya mini magana. Abin da doka ta ce na faɗa.

Gidan da muka je yana can bayan titi, an kewaye shi da kyarana. Wata dattijuwa ce mai saniyar. Mijinta ya yi aikin kiwon shanun madara har ya yi ritaya, ya mutu ya bar mata wannan guda ɗaya, irin ta Turawa, baƙi da fari, da ɗan kunnen roba mai lamba. Da nononta take cin abinci. Maƙwabta sun riga sun jawo ta daga ramin da igiya, tana kwance a kan laka tana numfashi da ƙyar, idonta ya juye. Baba ya tsuguna ya taɓa ƙugun, ya girgiza kai. Suka yi magana da matar a gefe, suka daidaita, ban ji ba kuma ba ruwana. Ya juya saniyar ta fuskanci gabas da taimakonmu, ya yi bisimilla, ya sa wuƙa.

Matar ba ta kalla ba. Ta shiga ɗaki, muna jin kukanta ta taga muna fiɗa. Ni na riƙe ƙafa, jini ya wanke mini riga da wando har takalmi. Kafin rana ta take tsaka mun sassare nama mun jera a bayan mota.

To ga inda maganar take. A wurin mahauta, in ka yi yanka a wajen mayanka, kai da fata suna tafiya tare da nama. Su ne shaidarka. A fata ake ganin launin dabba da tambarin mai ita, a kunne ake ganin tsaga ko lamba. Nama tsirara ba ya faɗin na wane ne. A ƙasar da ake kashe mutum a kan saniya, ba mai hankalin da zai ɗauko cinya huɗu a mota ba tare da kai ba. Yaron da ya shiga fawa jiya ma ya san wannan.

Amma Baba yana da tasa al'adar da ya gada wurin ubansa. In asara ce ta sa mutum ya sayar da dabbarsa, ba don yana so ba, to ba a kwashe masa komai. Ana bar masa kai da fata, na jaje. Da matar ta fito tana share ido da bakin zane, sai na ga Baba ya ɗauki kan ya sa mata a daro, ya naɗe fatar ya ajiye a gefe.

Na ce, "Baba, kan saniyar fa? Da me za mu wuce hanya?"

Ya ce, "Direba, dubi matar nan. In tafi mata da fuskar saniyar kuma?"

"To mu kai gari, gobe in dawo mata da shi."

"Gobe ya yi wari. Ubana bai taɓa yin haka ba. Shiga mota."

Matar ta ce, "Na gode, Baba. Allah ya kai ku lafiya, ɗana." Na ja tamfol na rufe nama, raina bai so ba.

Tun daga nesa na ga 'yar kasuwar nan ta canza. Da safe mata ne da tiren dankali da kabeji. Yanzu maza ne tsaye rukuni-rukuni, 'yan acaɓa sun kashe babura sun jeru, ba mai ɗaukar fasinja. Duk ɗan Jos ya san wannan tsayuwar. Ba sai an gaya maka ba. Garin nan akwai layukan da ba a zana a ƙasa ba, kowa ya san inda nasu ya ƙare, kuma ranar da aka tashi da mugun labari ba a so ta same ka a ɗaya gefen. Ban ce mutanen wancan gefen kaɗai ke yi ba. Na ga abin da namu suka yi wa baƙon da rana irin wannan ta kama a unguwarmu. Shi ya sa ma na san abin da nake kallo.

Saje ya ɗaga hannu. Na tsaya. Ya zo taga a hankali.

"Loya, ka dawo."

Na miƙa takardu. Bai karɓa ba. Ya ce in fito. Na fito, ya dubi rigata daga wuya har ƙasa. Ya ce, "Ɗaga tamfol."

Bakina ne ya riga ni. Na ce, "Oga, dalili..."

Ya nuna ƙasa da bakin bindiga. Jini yana ɗiga daga ƙofar bayan mota, ɗis, ɗis, ya yi ɗan tafki a kan kwalta, ga kuma layinsa ya biyo mu tun daga kwana. Ya ce, "Ga dalili. Ya ishe ka ko in ƙara? Jiya an kwashe shanun mutanen ƙauyen can. Yanzu aka gano inda aka yanka wasu a daji. Ɗaga."

Na ɗaga. Wani kofur dogo ya zagaya ya jawo buhun Baba ya zazzage a kan titi. Wuƙaƙe suka zube da ƙara, gatari ya biyo baya, duk da jini bai gama bushewa ba. Ƙarar nan har yau ina jinta. Ita ta juyo da kawunan mutane.

Saje ya leƙa bayan mota, ya ɗaga cinya, ya tura haƙarƙari gefe. Ya san aikin, wannan ba zan hana shi ba. Ya ce, "Baba, ina kai? Ina fata?"

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, na bar wa mai ita. Faɗuwa ta yi."

"Mahauci ya bar kai? A ina aka taɓa yi?"

"Na jaje ne, ranka ya daɗe."

"Kira ta."

Baba ba shi da lambarta. Dillali ne ya haɗa su. Ya ciro 'yar wayarsa, ya kira dillalin, a kashe. Ya sake kira, a kashe.

Kafin nan mutanen sun iso. Ba gudu suka yi ba, tahowa suka yi kamar ruwa yana cika kwari. Na fara jin numfashin mutane a bayana. Wani ya ce, "Ga su nan." Wani ya ce, "Dubi rigarsa." Wani saurayi da jar hula, idonsa ya kumbura kamar wanda ya yi kuka, ya kutso gaba ya ɗora hannu a kan naman yana cewa na babansa ne, ya gane, ya gane. Ta yaya mutum zai gane cinyar da aka feɗe? Amma ba wanda ya tambaye shi. Ni ma a lokacin da na dube shi na ga ya yarda da abin da yake faɗa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro da a ce ƙarya yake yi.

Na ce, "Jama'a, ku ji. Gidan wata mama ce a can bayan kyarana, mai saniya baƙi da fari. Ku je ku tambaya."

Wani ya ce, "Ka rufe baki, ɓarawo."

Wani abu ya bugi ƙeyata, ina jin dankali ne. Aka yi dariya. Sannan dutse ya sauka a kan bonet, ba wanda ya yi dariya. Ta gefen ido na ga wani yana mirgino tsohuwar taya daga wajen mai faci. Wani ɗan acaɓa ya sunkuya yana zare tiyon mai daga babur ɗinsa, da robar ruwa a hannu. Na san me ake yi da taya da fetur. Na jingina da mota. Wani ɗumi ya bi cinyata, na san ba jinin saniya ba ne.

'Yan sandan ba su da yawa, ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Na ga saje yana duban taron, yana duban yaransa, yana lissafin da ni ma nake yi. Sai ya juyo gare ni. Ya ɗebo takarduna da suka faɗi ƙasa, ya kakkaɓe, ya miƙo mini da ladabi. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Loya, da safe ka ce ba ni da dalili. Gaskiyarka. Takardunka sun cika. Ban kama ka ba. Shiga motarka ka tafi."

Ya sa ƙafa ya janye katakon ƙusa.

Na dubi hanya. Bayan katakon, titin cike yake da mutane, an riga an jera duwatsu an gindaya benci. Ko taku goma motar ba za ta yi ba. Shekara da shekaru abin da nake so in ji daga bakin ɗan sanda ke nan, shiga motarka ka tafi, yau ga shi an ba ni a gaban jama'a. Mutanen sun gane kafin ni. Mai tayar ya tsaya yana jira.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Gwiwata a cikin jinin nan na kan kwalta, na kama ƙafar wandonsa.

"Oga, ka kama mu."

"Da wane dalili?"

"Oga, don Allah."

"A'a, kai ne loya. Faɗa mini dalili. Kar gobe ka kai ni rediyo."

Sai na shiga jero masa. Ni da bakina. Na ce ga jini a jikina. Ga wuƙaƙe da gatari. Ga nama babu kai babu fata. Ga labarin sata da ya samu. Na ce da safe na hana shi duba buhu, wannan ma abin zargi ne. Na ce, "Yallaɓai, ko alƙali ne ya gan mu haka sai ya ce a tsare mu. Ka sa mana ankwa, ka kai mu ofis, ka rufe mu. Ina da 'ya'ya." Baba yana tsaye a gefe, hularsa ta faɗi, leɓɓansa suna motsi, salati yake yi.

Saje ya bar ni a ƙasa na ɗan lokaci. Ba zan iya cewa ko daɗewa aka yi ba. Na ji ƙamshin fetur.

Sannan ya ɗauke ni da mari. Mari na gaske, har kunnena ya toshe. Ya finciko ni ta wuyan riga, ya murɗe hannuna baya, ya danna ankwa har ta ci nama. Ya daka tsawa, "Ɓarayin shanu! Na kama su! Yanzu kayan gwamnati ne, duk wanda ya taɓa su ya taɓa gwamnati!" Kofur ya harba bindiga sama. Mutane suka ja baya kaɗan, kaɗan ɗin nan ne muka bi. Aka jefa ni bayan motarsu kamar buhun masara, aka jefo Baba a kaina. Saje ya ce wa mai jar hula, "Kai, ka ce na babanka ne? Hau gaba, ka zo ka ba da shaida." Da suka ga nasu ya shiga mota, sai suka janye bencin. Kofur ya tuƙo a-kori-kurata a baya. Ina kwance fuskata a kan ƙarfe ina jin duwatsu suna sauka a kan motar tawa, na ji lokacin da gilashin gaba ya tarwatse.

Har yau ban sani ba ko mutumin nan ya yi niyyar sakinmu da gaske, ko wasa ya yi da ni don in ɗanɗana, ko dabara ce ta samun lokaci. Na juya abin a raina har na gaji. Na dai san fuskarsa lokacin da nake durƙushe, kuma ba fuskar mai tausayi ba ce.

A caji ofis aka sa mu bayan kanta, aka cire mana takalma. Wallahi ban taɓa son wuri kamar yadda na so ɗakin nan mai warin fitsari ba. Ina jin hayaniya a waje, wasu sun biyo mu a babura, ni kuwa ina duban ƙofar ƙarfe ina addu'a kar a buɗe ta. Baba ya kwatanta wa kofur gidan mai saniyar, aka tura shi. Muka zauna. Can Baba ya ce, "Direba, ka yi sallar azahar?" Na ce, "Da wane wando, Baba?"

La'asar ta yi sanyi sannan suka dawo. Na ji muryar dattijuwar tun daga waje tana faɗa da mutanen da ke bakin ƙofa da yarensu. Ta shigo da daro a ka, ta sauke a kan kanta gaban babban ofisa. Kan saniyar ne. Ta riga ta fara babbaka shi kafin kofur ya isa, gefe ɗaya ya ƙone ya yi baƙi, ɗaya gefen kuwa yana nan da gashinsa baƙi da fari, da ɗan kunnen roba. Ƙaurin ya cika ofis. Wata yarinyar maƙwabta ta shigo da fatar a buhu.

Ta ce, "Saniya na ne. Ni na sayar. Mijina ya bar mini. Wannan Baba ya yi mini kirki, shi ne za ku ƙone shi?" Ta juya kan mai jar hula ta kira shi da sunan uwarsa, ashe ta san gidansu. Ta ce, "Shanun babanka farare ne. Zo ka duba. Wannan fari ne?" Ya dubi fatar, ya dubi ƙasa. Bai ba mu haƙuri ba. Ya fita, sai hayaniyar waje ta fara raguwa, babura suna tashi ɗaya bayan ɗaya.

Ba a sake mu a take ba, sai da shugabannin mahauta suka zo daga gari suka tsaya mana. Naman da ya wuni a rana ƙarƙashin tamfol, abin da ya rage daga cikinsa bayan an ce ana ajiye shaida, ya riga ya canza launi. Wuƙaƙen Baba ba a mayar masa ba, har da ta yankan da ya gada. Ya je nema ya gaji. Da za mu fita, saje yana zaune a benci yana cin gyaɗa. Ya ce, "Loya, ba godiya?" Na ce na gode. Na faɗa, kuma har cikin raina, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Na tuƙo mota gida babu gilashi, iskar damina tana dukan fuskata, kunne ɗaya ba ya ji. Da na shiga layinmu maƙwabcina ya leƙo zai ce Barista, sai ya ga rigata. Ya rufe baki, ya zo ya kama mini ƙofar mota, ya ce, "Nna, ɗan'uwana, shiga gida tukuna." Washegari ya kawo gilashi ya sa mini da kansa. Bai sake kirana da sunan nan ba. Matata ma ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta ɗauki kayan jikina ta ƙone su a bayan gida.

Baba bai ƙara fita wajen gari yanka ba. In an bugo cewa dabba ta faɗi, sai ya ce a nemi yara. Na taɓa tambayarsa, in da za a sake, zai bar wa matar nan kan saniyar? Ya ce, "To in tafi mata da shi?" Na tashi na bar masa wurin, don in na zauna zan faɗi abin da bai kamata a faɗa wa tsoho ba.

Ina nan ina tuƙi. Shingayen suna nan, wasu an ɗauke, wasu an ƙaro. Ban daina tsanarsu ba. Sai dai yanzu tun kafin a ɗaga mini hannu na rage gudu, tun kafin a tambaya na fito na yaye tamfol. In na hango mutane tsaye rukuni-rukuni a bakin titi, ko ɗaurin aure ne, sai in fara neman inda kaki yake. Lauyan nan har yanzu yana zuwa rediyo, kuma duk abin da yake faɗa gaskiya ne, ban ƙaryata shi ba. Na taɓa sa kati na bugi layin shirin, ina so in tambaye shi abin da doka ta tanada wa mutumin da ɗan sanda ya ce masa tafi. Layin bai shiga ba.

In kuwa lodi ya fito daga wajen gari, ko na waye, ko uban waye ya mutu ya bar dabbar, ba na tayar da mota sai an ɗora kai. Ba ƙarƙashin tamfol nake sa shi ba. A sama nake ɗaure shi, kan ƙarfen bayan direba, kunnuwa a waje, yana kallon duk wanda ke bayana. Mahauta suna mita wai ƙura na ɓata shi, mata a titi suna kawar da fuska. Su yi ta yi.